Matakalar da Yaya Ta Jira Ni

Yanzu idan zan je Deira, tsohon gefen Dubai, sai an zauna an yi shawara a gidanmu: wa zai kai ni, wa zai ɗauko ni, na sha maganin gwiwa ko ban sha ba. Ina zaune ne da ɗana da iyalinsa a Al Warsan, can bayan gari inda ɗakunan ajiyar kaya suka fi itatuwa yawa, kuma daga tagar ɗakina ba abin da nake gani sai manyan motoci suna juyi. Ni da na ci ƙuruciyata ina sintiri a lungunan Al Buteen ta Deira da silifas, in shiga ta nan in ɓulla ta can, yau ni ake riƙe wa hannu a ƙofar jirgin ƙasa. Gaskiya ma zuwan ya fita raina tun da aka gyara unguwar aka mai da ita wurin 'yan yawon buɗe ido. Abin da ya fitar da ni a wannan karon, Yaya ce.

Ba uwarmu ɗaya da ita ba, ba ma ƙasarmu ɗaya ba. Ita 'yar Damagaram ce, ni 'yar Kano, ta ɗan girme ni, kuma tun ranar da aka haɗa mu nake ce mata Yaya. Ita kuwa ba ta taɓa kirana da sunan yanka ba, sai 'Yar Kano, har 'ya'yanta suka tashi suna zaton sunana ke nan. A garin nan muka yi aure, a nan muka yi goyo, a nan kowaccenmu ta yi takaba ɗayar tana kai mata abinci. Sai mantuwa ta fara kama ta. Da fari tukunya ce a kan wuta, muka yi ta yi mata tsiya, ita ma tana dariya. Daga nan sai hanyar gida, daga nan sai sunayen jikoki. Ranar da na shiga ɗakinta ta gyara zama, ta ja mayafi, ta ce mini, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, daga ina?" sai da na fita baranda na yi kuka mai isata. Na rasa miji, na rasa iyaye ina nesa da su, amma wannan gaisuwar ta yi mini wani irin ciwo da ban san da shi ba, domin mutuniyar tana nan zaune, lafiyayya, da hannayenta da muryarta, ni ce kawai babu a cikinta.

Ɗanta na fari sunan mahaifina gare shi, don haka Babana nake ce masa. Yana aikin kago, wato ɗaure kaya ana aikawa ƙasashe, a Murshid Bazaar, cikin kwalaye da ƙarar salatif daga safe har yamma. Shi ya kira ni wata safiya.

"Inna, an gama shawara. Za mu mai da ta gida, wajen ƙannenta. Biyen jirgi ya fito, khalas."

Na ce, "Babana, haka da wuri?"

Ya ce, "Ba yadda za mu yi. Ni ina wajen aiki, matata ga yara, ita kuma fita take yi ba a sani ba. Bon, lokotoron asibiti ya ce a riƙa kai ta wuraren da ta sani da, wataƙila wani abu ya motsa. Ni ban san wuraren kamar ke ba. Ki zo mu zagaya da ita sau ɗaya kafin tafiyar."

Na amsa masa tun bai rufe baki ba. Na san da wannan gwiwar tawa ba zan ga Damagaram ba, kuma na san in ta hau jirgin nan mun rabu ke nan sai a lahira. Ban roƙi Allah ta warke ba, wannan na bar wa masu ƙarfin hali. Abu ɗaya na roƙa, ta gane ni ko sau ɗaya kafin ta tafi.

Yaran yanzu sun san Dubai da dogayen gine-gine. Mu da gwal muka san ta. Akwai wasu shekaru da zancen gwal ɗin garin nan ya shiga Kano kamar zazzaɓi. Wance ta je da jarin da bai taka kara ya karya ba, ta dawo ta sayi gida. Wance ta je sau biyu ta biya wa uwarta Makka. Kafin a ce haka, mata sun fara sayar da filaye, da shanun gado, da keken ɗinki, kowa tana neman wadda za ta bi. Daga Kano, daga Katsina, daga Maradi da Damagaram, har da na Kumasi masu Hausar nan mai daɗin ji. Wasu sun samu, wasu sun koma da abin da bai kai kuɗin jirgi ba, wasu kuma an sayar musu da jan ƙarfe mai wankin gwal suka gane bayan sun isa gida. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana cikin na farko-farko, mace ce doguwa mai haƙorin Makka da murya kamar ta namiji. Ita ta zo da ni, wai in riƙa riƙe mata jaka. Ban taɓa fita ko Zariya ba, sai ga ni a garin da iskarsa ke da gishiri, zafinsa kuma yana manne wa mutum a jiki ko a inuwa.

Muna sauka ne a wani ƙaramin otal a Al Buteen mai matsattsen bene, mata cike da ɗaki, katifu a ƙasa. An hana girki, amma kowace jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙasanta, kuma akwai ƙaramin risho da ake ɓoyewa a bayan labule. Mai otal ɗin yakan hawo yana shaƙar hanci, Gwaggo ta miƙa masa kwano tun bai yi magana ba, ya koma ƙasa yana cewa shuwayya shuwayya, wato a yi a hankali, kada a ƙona masa gida. Aikinmu mu ƙanana shi ne wanke-wanke a banɗaki, da ɗinka 'yan jakunkunan ƙyalle na zobba da 'yan kunne, da goge awarwaro da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori har su yi ido. In na rufe ido yanzu ina jin unguwar: ƙaramar gudumar maƙera tana taf-taf a saman shaguna, hucin wutar da suke narka gwal da ita, masu tura amalanke suna ihu a ba su hanya, injin abra, ƙaramin jirgin katakon da ke haye da mutane, yana dum-dum daga bakin ruwa, sannan kiran salla daga ƙananan masallatai, wannan na gamawa wancan na farawa. Da la'asar ƙamshin lubban da busasshen lemon tsami yakan taso daga kasuwar kayan ƙamshi ya haɗu da warin kifi da man jirgi. Ban taɓa tsammanin wata rana zan yi kewar warin nan ba.

Ranar zagayen Babana ya ɗauko ni da hantsi, Yaya tana bayan mota cikin sabon lufaya, an shafa mata turare. Ta gaishe ni da ladabi ta matsa mini. Muka fara da otal ɗinmu. Ginin yana nan, amma ƙasan ya zama shagon wayoyi, benen kuma an sa masa ƙofar gilashi. Na ce, "Yaya, kin tuna nan? Tagar can ce muke shanya kallabi." Ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Ma sha Allah, gida mai kyau," irin yadda ake yabon gidan wani. Muka shiga kasuwar kayan ƙamshi. An yi mata sabon rufi na katako, an jera buhuna kala-kala kamar don hoto, yara masu shago suna kiran Turawa da yarensu. Na sa aka ɗebo lubban na kai mata hanci. Ta shaƙa, ta yi murmushi, na fara sa rai, sai ta ce a ba yara kada su sha wahala. Muka kai ta wata tsohuwar makaranta mai tsakar gida, da tsohon gidan attajiran lu'ulu'u da aka mai da wurin kallo, da dogayen hasumiyoyin da mutanen da suke ginawa don su jawo iska cikin ɗaki. A zamaninmu waɗannan gidaje a tsattsage suke, leburori ne ke kwana a wasu, muna wucewa ko kallo ba ma yi. Yanzu an shafe su sumul, an kafa alluna ana bayanin masu nutso da fatake da masu jiragen ruwa. Na ji daɗi da aka adana su, ban ƙi ba. Amma na tsaya gaban wani allo na ce wa Babana ya karanta mini ko an ambaci matan da suka zo daga ƙasar Hausa, ya duba sama da ƙasa ya ce babu.

Daga nan muka shiga kasuwar gwal, inda na ajiye dukkan begena. Hasken yana nan, har ya fi na da. Tagogi cike da sarƙoƙi masu faɗin ƙirji, ga wani ƙaton zobe da babu yatsan ɗan Adam da zai cika shi, mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto a gabansa. Da can mai shigowa kasuwar nan saye ya kawo shi. Za ka ga Hajiya ta zauna a benci ta cire takalmi, an kawo mata shayi, ta auna sarƙa a tafin hannu ta ce wa Ba'indiye ya ji tsoron Allah, shi kuma ya amsa mata da Hausar da ya koya a bakin mata. Yanzu yawancinsu kallo suke yi su wuce da ruwan roba a hannu. Na ja Yaya gaban shagon da muka fi ciniki, jikan mai shagon ne a ciki, bai san mu ba. Na sa ya fito da awarwaro na ɗora mata a tafi. Ta juya shi, ta mayar masa da hannu biyu, ta ce ita ba ta da kuɗi.

A nan na fara ba Babana labarin yadda muke aiki, don in ba bakina abin yi kada in yi kuka a kasuwa. A lokacin ba a zuba gwal a akwati. Sawa ake yi. Duk wadda za ta koma gida, sauran sai su ɗora mata saƙonsu a jiki, awarwaro tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, sarƙoƙi a ƙarƙashin riga, kowane da ɗan zare mai launin mai shi. Gwaggo takan ce akwati yana iya bin wani jirgin, amma ita ba ta taɓa jin an sauka Kano an ce hannun wance ya wuce Legas ba. Ana shafa wa hannu sabulu, a matse babban yatsa, a tura, kina cije leɓe. Kuma tun ana gobe tafiya ake ɗora miki, a ce ki fita ki yi yawo da su, ki koyi tafiya ba ƙara, ki koyi miƙa hannu ba tare da hannun riga ya zame ba. Mai ɗauke da kaya ba ta fita ita kaɗai. Ana haɗa ta da wata, wadda aikinta shi ne ta riƙe gefen mayafinta, duk inda za a shiga. Haka aka haɗa ni da Yaya. Babana ya ce shi bai taɓa jin wannan ba, ya ɗauka tun fil'azal a kwali ake aika komai.

Rana ta take, Yaya ta fara jan ƙafa. Babana ya dube ni ya ce, "Inna, ya isa. Mun gwada. Mu tafi ku huta." Na bi bayansu. Motar tana ajiye can gefen ruwa, sai muka biyo ta bakin gaɓa, inda manyan jiragen katako ke lodin firji da tayoyi kamar yadda suke yi tun da. Muna zuwa daidai matakalar da ake hawa abra, Yaya ta tsaya cak. Ta saki hannun ɗanta, ta kama ƙarfen gefen matakalar, ta sa ɗaya hannun a goshi tana duban hayin.

Babana ya ce, "Mama, yalla, mota na can gaba."

Ta ce, "Ku tafi. Ni ina jira."

"Jiran wa?"

Ba ta kula shi ba. Ni ta juyo ta kalla, da fuskar mai neman taimako wajen baƙo. Ta ce, "Baiwar Allah, ba ki ga wata ɗiya ba? 'Yar Kano ce, siririya, baƙuwa ce, ba ta san gari ba. Jirgi ya tafi da ita, ga kayan mutane a hannunta. Tsoron ruwa take."

Sai da na dafa ƙarfen ni ma. Na san ranar da take ciki.

Tafiyata ce ta farko da kaya. An ɗora mini awarwaron mata har hannuna ya yi nauyi, Gwaggo ta ce mu haye kasuwar yadi ta wancan gefen mu sayo mata atamfar Indiya, in saba da tafiya. Kafin mu fita ta maimaita mana dokar da kowace mace a ɗakin ta haddace: in kuka rabu, kada wadda ta nemi wata, a je matakalar abra a tsaya, duk daɗewa. Muka iso nan, cunkoso ya yi yawa. Na sa ƙafa a jirgi, takalmin Yaya ya cire ta sunkuya, mutane suka turo, mai jirgi ya ce yalla, sai na ji mayafina ya saki. Ina juyowa na ga ruwa ya shiga tsakaninmu, Yaya tana tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Ni da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba, na runtse ido ina salati har jirgin ya bugi wancan gefen. Na fita da rarrafe, na rantse a raina ba abin da zai sake sa ni cikin wannan katakon. Sai na tuna dokar Gwaggo, na duba ƙarƙashina na ga matakala ce, ta abra kuwa. Na zauna abina, ina ganin na yi daidai. Ita ma Yaya a nata gefen ta tsaya a matakala, tana ganin ta yi daidai. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa matakalar biyu ce.

Tun hantsi muke haka har aka yi azahar, har inuwa ta juya. Gwal ya ɗau zafi a ƙarƙashin hannun rigata, gumi yana bin awarwaron yana ɗiga, ƙishirwa ta kama ni amma ina tsoron miƙa hannu in karɓi ruwa kada a gani. Duk namijin da ya kalle ni sai in ce ɓarawo ne. Ita kuma, kamar yadda ta ba ni labari daga baya, kowane jirgi ya iso sai ta leƙa fuskokin da ke ciki, ta ƙi zama, ta ƙi shiga inuwa, don kada in sauko ban gan ta ba. Ta san in ta hau jirgi muna iya saɓani a tsakiyar ruwa, kuma ta san abin da Gwaggo za ta yi wa wadda ta karya doka. Sai bayan la'asar ta ce ko me za a yi a yi, ta hayo. Ta same ni a takure kamar kazar da ruwa ya doka. Ba ta zage ni ba. Ta ja hannun rigata sama ta shafa kayan, ta sauke, sannan ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce wallahi ba gwal ɗin ne ya tsayar mata da zuciya ba. Ta sayo mini ruwa, ta rufe mini ido da tafinta har muka haye. Gwaggo da ta ji labari ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, kuma daga ranar aka gyara dokar aka ce matakalar Deira, ta gefenmu. Ni dai abin da na ɗauka a ranar shi ne ina da mutum a ƙasar nan. Shi ya sa da aka yi mini maganar aure a nan ban ji tsoron zama ba. Abra kuwa ban ƙara hawa ba, duk tsawon zamana, in zan haye sai in bi mota ta gada, Yaya tana yi mini dariya.

Na gaya wa Babana wannan a gurguje, muna tsaye, rana tana dukanmu. Ya gwada lallashin Yaya. Ya ce mata yarinyar ta riga ta koma otal. Ta ce ƙarya ne, ba ta san hanya ba. Na matso na ce, "Yaya, ni ce fa. Ni ce 'Yar Kano." Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi ɗan murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, Hajiya," ta mai da idonta kan ruwa. Babana ya kama hannunta zai ja, ta ƙanƙame ƙarfen, mutane suka fara kallonmu.

Na ce, "Sake ta, Babana. Samo mata kujera da ruwa, ka tsaya da ita."

"Ke fa, Inna?"

"Hayewa zan yi."

Ya ce, "Da wannan ƙafar? Bari in raka ki."

Na ce, "In ka bar ta wa zai riƙe ta? Kuma ni kaɗai jirgin ya tafi da ni, ni kaɗai zan dawo."

Na bi ta gabanta na sauka matakalar, ko kallona ba ta yi ba. Jirgin yana ta bugun gaɓa yana ja da baya, na tsaya ina duban ratar da ke tsakani, ruwan kore yana lilo a ciki, tsoron nan na ƙuruciya ya taso mini sabo fil kamar jiya aka ajiye shi. Wata mata 'yar Filifin ta miƙo mini hannu, na yi bisimilla na taka. Injin ya kama dum-dum ɗinsa. Na yi niyyar runtse ido, sai na ce a'a, tsohuwa da ke, ki ga abin da kika ƙi gani shekara da shekaru. Na ga tsuntsayen ruwa suna bin mu, na ga hasumiyoyin iska da na masallatai a jere a gaɓa, na ga Deira daga tsakiyar ruwa, ƙarama, tsohuwa, dogayen gine-gine sun tsaya a bayanta. Na hango Yaya ta ƙi kujerar da aka kawo mata, tana tsaye da hannu a goshi. A wancan gefen na sauka, na zagaya na sake bin layi, gwiwata tana zafi kamar an zuba barkono, na hau jirgin dawowa.

Muna matsowa na ga tana leƙa fuskokin da ke jirgin ɗaya bayan ɗaya. Na bari kowa ya fita. Na hau matakalar a hankali ina dafa ƙarfe, da na iso gabanta sai na kama gefen mayafina na miƙa mata. Ta dubi mayafin. Ta dubi jirgin da na fito. Hannunta ya taso da kansa ya damƙe, ta naɗe shi a yatsu yadda take yi.

Ta ce, "'Yar Kano. Ina kika tsaya?"

Na ce, "A matakala, Yaya. Ta wancan gefen."

"Sakarya." Ta ja hannun rigata sama, ta shafa, ba komai sai fata da jijiya. Ta ja ɗayan. Na ga tsoro ya shigo idonta. "Ina kayan mutane?"

Na ce, "Na kai wa masu su. Kowa ta karɓi nata."

"Duka?"

"Duka, Yaya."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara mini hannun rigar, sannan ta riƙe fuskata ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Dubi yadda rana ta tsofar da ke. Don mi ba ki dawo da wuri ba?"

Na dafa hannayenta na riƙe. Babana ya juya mana baya yana goge fuska da hularsa. Ita ta ja ni zuwa mota, tana gaba ina biye, tana yi mini faɗa a kan ban sha ruwa ba, ko da yake ba ta san inda motar take ba sai ɗanta yana nuna mata da hannu. A hanya barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗata, mayafin a dunƙule cikin hannunta. Da muka isa gidansu aka tashe ta, ta dube ni ta gyara zama ta ce, "Sannu, baiwar Allah." Na amsa mata da fara'a, don na riga na samu abin da na roƙa. Amma mayafin ta ƙi saki, surukarta ta yi ta ƙoƙarin buɗe yatsun, na ce a bar mata. Na zame shi daga kaina a hankali, na koma Al Warsan da aron hijabi.